Gwanin Kamilu Ba Ya Zuwa Na Ɗaya

Ranar da Kamilu ya fara ganin Mansura, motarsa ta daɗe tsaye a tasha a Gusau. Layin Tsafe nasa ne, amma fasinja sun ƙi shiga. Hawainiya ake ce masa, don ba ya gudu. A hanyar da kowa ke son ya isa da sauran rana, wa zai zauna a motar da babur ke wucewa? Sai tsofaffi da masu ƙwan zabi ke jiran layinsa.

Yana zaune a inuwa shi kaɗai ya hangi wata yarinya mai hijabi ruwan toka ta tsaya a bayan motar. Hoton da ya liƙa a gilashi take kallo, wani mutum cikin hular kwano da lamba ashirin da bakwai a ƙirji.

"Malam, wanga ne gwaninka?" ta ce. "Ai bai taɓa zuwa na ɗaya ba."

Kamilu ya miƙe har hularsa ta faɗi. Tun da ya fara kallon tseren motocin Turawa, bai taɓa haɗuwa da wanda ya gane hoton nan ba. A gidan kallo na Sabon Gari ƙwallo ake so, in ya roƙi a sa tsere dariya ake masa. Sai ya koma ɗakinsa, ya jingina waya da kofin shayi, ya kalla shi kaɗai. Sunan mutumin ma bai iya faɗa daidai ba. Dattijo yake ce masa.

"Ba ya zuwa na ɗaya," ya ce a hankali, "amma ban taɓa ganin ya fasa mota ba. Kullum yana kai ta gida."

"Ni mai jar motar nan nika so. Walƙiya."

"Wanda ke kutsawa kamar an biyo shi?"

Ta yi dariya, ta buɗe ƙofa ta shiga. Kafin su kai Tsafe ya ji sunanta Mansura, 'yar Bungudu ce, tana koyon aikin jinya a Tsafe. Da ya tambaye ta wa ya koya mata kallon tsere, ta ce, "Yayana," ta juya fuska wajen taga. Bai ƙara tambaya ba.

Daga nan Lahadi, ranar tsere, ta canza wa Kamilu. Ɗakin dai shi ne, shiru kamar kullum tun rasuwar mahaifiyarsa, amma yanzu in an fara tsere wayar na motsi da saƙon Mansura.

"Direbana, ina Dattijonka? Na leƙa har ƙarshen layi ban gan shi ba."

Ya daɗe yana haɗa baƙaƙe kafin ya aika: "Yana tafe Walƙiyata. Mai haƙuri shi ka dafa dutse."

"To ya dafa. Mu dai mun ci kofi. Ka ci abinci?"

Ya dubi tukunyar da bai ɗora ba, ya yi murmushi. An daɗe ba a yi masa wannan tambaya ba.

Bayan an kai amfanin gona gida, ya ɗauko ƙanen mahaifinsa, Baba Umaru, daga Mada suka nufi Bungudu neman izinin aure. Malam Dalhatu, mahaifin Mansura, ya karɓe su da fara'a, aka sha fura, aka yi addu'a. Har bakin mota ya rako su. Nan idonsa ya faɗa kan gilashin baya, fuskarsa ta sauya.

"Wanga hoton na mine ne?"

"Ɗan tseren mota ne, Baba."

"Malam Umaru, ku yi haƙuri. Ba ni ba da ɗiyata ga mai wanga hoto." Ya juya ya shige gida.

Da yamma saƙon Mansura ya shigo: "Laifina ne da ban gaya maka ba. Yaya Mas'udu irin hoton nan ne a motarsa, na mai jar mota. Ranar ɗaukar amaryar abokinsa suka yi wasan mota a hanya, bai dawo ba. Tun ranar Inna ba ta ƙara shiga mota ba. Baba in ya ga hular kwano, shi yake gani."

Kamilu ya fita da reza ya tsaya a bayan motar. Ya ɗaga gefen hoton kaɗan, sai ya fasa. In ya kankare, zai zama kamar ya ɓoye wani mugun hali ne, alhali ba shi da shi.

Ana haka ya hango Mansura a Tsafe cikin farar motar Yazid, ɗan aminin mahaifinta. Gilashin Yazid fes, ba hoton kowa, kuma ya iya durƙusa wa manya. Suka wuce shi fuu, ba ta ko waiwayo ba. Kamilu bai yi fushi ba, shi dai ya daina rubutu. Lahadi ta zo, Dattijo ya zo na tara, ya ɗauki waya zai gaya mata, ya ajiye. Ya wanke kofinsa ɗaya, ya kife.

Sai ga saƙo wata safiya: "Ka yi shiru don ka gan ni a motar Yazid ko? Baba ne ya sa ya kai ni, idona a rufe har muka isa. Inna ba lafiya, an ce sai asibitin Gusau. Yazid ya zo ta ƙi shiga. Don Allah ka zo, Direbana."

Ya bar layinsa ya tafi.

Ya tarar da Inna Dije zaune a kan tabarma a zaure, numfashinta sama-sama. Malam Dalhatu na tsaye ya rasa abin yi. Aka lallaɓa ta har bakin mota, ta ga hoton, ta ja ta tsaya.

"Yaro, kai ma gwaninka ne mai cinyewa?"

Kamilu ya durƙusa. "A'a Inna. Nawa bai taɓa ci ba. Ana yi mani dariya a kansa. Abin da ya sa nika son shi, ko an wuce shi ba ya jin haushi, kuma kullum yana komawa gida da ƙafarsa."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "Bismillahi," ta sa ƙafa.

Suka kama hanya. Babura suka wuce su, mai Keke Napep ya wuce yana ɗaga hannu, "Hawainiya, ko a turo ka?" Kamilu ya ci gaba da tafiyarsa. Duk rami sai ya taka birki ya lallaɓa shi kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Malam Dalhatu na gaba ya riƙe ƙofa gam, can ya ji bayan mota ya yi tsit. Ya waiwaya a firgice.

Inna Dije barci take, kanta a kafaɗar Mansura.

Tsohon ya juyo, ya saki ƙofar, ya share fuska da hannun riga. Sai da suka shiga Gusau ya yi magana.

"Na ga hoto ban ga mutum ba. Ka ce wa Malam Umaru ya dawo."

Inna ta warke, aka sa rana. Da aka zo maganar ɗaukar amarya, abokan ango na tasha suka ce su za su zo da motoci kamar yadda aka saba. Malam Dalhatu ya girgiza kai.

"Mota guda. Kuma ango zai tuƙa."

"Malam, ina aka taɓa ganin ango ya ɗauko amaryarsa da kansa?" in ji Baba Umaru.

"Za a gani a gidana."

Haka aka yi. Inna Dije da kanta ta rako amarya mota, ta dafa kan Kamilu. "Allah Ya yi maku albarka. Ya kai ku gida lafiya, yau da kullum."

A hanya Mansura ta ɗaga mayafi kaɗan, ta yi ƙasa da murya don kada 'yan rakiya su ji.

"Direbana, a hakan za mu isa kafin a lashe abincin biki?"

"Za mu isa, Walƙiyata."

"To Lahadi ka sayo kofi na biyu."

Kamilu ya yi murmushi. Ga rami a gaba, ya taka birki a hankali.