Kada a Haɗa Bakin Ƙarfen

Dab da magariba Jamilu ya iso gidansa a Dangora, da ƙunshi biyu masu nauyi a bayan babur. Aikinsa a tashar lantarki shi ne duba ƙarfen da ya karye, ya faɗi dalili. Sandar da ke juya inji ce ta rabu biyu, kuma an riga an ɗora wa wani ma'aikaci, Mu'azu, laifin. Jamilu ya ajiye rabi a zaure, rabi a ɗakinsa, ya ja wa kowa kunne kada a haɗa bakunan. Labarin karayar yana kwance a kansu, layi-layi kamar yashin rafi. In suka gogi juna, shaida ta goge.

Ana kwasar tuwo dutse ya faɗo tsakar gida. Sai wani. Matarsa Furera ta tattara yara ta ratsa zaure za ta fita, sai ga ta a bakin madafa. Ta sake, haka. Gida ya rufe da mutanensa. Ana jin kiran salla ta saman katanga, ba hanyar zuwa.

'Yarsu Bahijja ta daina cin abinci. Ta zauna tsakanin zaure da ɗaki tana tonon ƙasa da farce, tana kuka da muryar tsoho.

Shiga ana yi, fita ce babu. Malam Nazifi na Kiru ya san da haka, ya shigo. Ya daɗe yana karatu kafin ya tambayi wanda ke jikin yarinyar ko shi wane ne.

"Mai gida ne," in ji muryar. "Tun ranar da aka narka ƙarfen nan aka bar rami a cikinsa, bai kai ƙwayar gero ba. Nan muke zaune, ni da iyalina. Juyin inji ya yi ta tsaga bangonmu kaɗan-kaɗan har ya raba mu. Tana zaure, ina ɗaki. Ku haɗa mu, in sakar muku yarinya."

Ramin nan shi Jamilu yake nema, shi ne zai wanke Mu'azu, don zai nuna aibin tun daga narkawa yake. Ya roƙi a bari ya kai ƙarfen birni a duba tukuna. Wuyan Bahijja ya fara juyawa baya. Malam ya yi maza ya nemi a yarda da hoto kawai.

Muryar ta ce, "Ya ɗauki ɓangarena. Na iyali ba a kallo."

Jamilu ya ɗauki hoton da waya, sannan ya kinkimo rabin ya kai zaure, ya haɗa. Ƙarfe ya kama, ko tabo babu. Bahijja ta yi atishawa, ta nemi fura. Hanyar fita ta buɗe.

Hoton ya wanke Mu'azu. Da aka tambayi Jamilu ina karyayyen ƙarfe, ya ce babu shi, kuma bai yi ƙarya ba. Yana nan a zaure. Ana share gefensa, ba a zama a kai, kuma mai shigowa ya yi sallama sau biyu.