Ranar da Magulmaciya Ta Yi Shiru

Ƙarfe goma da kwata na safe aka bugo waya caji ofis, wai an ciro gawar wata ɗaliba daga ramin ruwan datti a kamfanin jimar fata. Sufeto ya ajiye biro, ya kira Saje, suka shiga mota.

Ko da suka isa an riga an wuce da ita asibiti. Ramin yana bayan ɗakin wanke fatu, da tsani na ƙarfe a jikinsa. A bakinsa akwai kwalabe uku da aka rubuta wa lamba, da jakar makaranta, da wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa ɗaure da igiya.

Manaja ne ya fara bayani, da irin saurin mutumin da ya haddace abin da zai faɗa. Yarinyar 'yar ajin ƙarshe ce a jami'a, tana karanta kiwon lafiyar al'umma da kariyar ma'aikata, ta zo horon aiki na wata uku. Ita kaɗai ta sauka, in ji shi, ba ta gaya wa kowa ba. Ya kaɗa kai, ya ce ganganci ne irin na yaran yanzu.

"Wannan fa?" Sufeto ya nuna na'urar.

"Ta auna iska mai guba ce. Ma'aikata suna ce mata Magulmaciya, don ba ta gani ta yi shiru."

"Yau ta yi kuka?"

"Ba wanda ya ji."

Sufeto ya sa Saje ya saka ta a leda.

Foman ɗin sashen, wato shugaban ma'aikatan wurin, yana zaune a kan benci kusa da sito, ya yi tagumi. Shekara talatin ke nan yana aiki a nan, kuma shi ne uban yarinyar. Sufeto ya yi masa ta'aziyya kafin ya tambayi inda yake lokacin da abin ya faru. Ya ce yana sito yana karɓar gishirin jima, ihu kawai ya jiyo. Da ya miƙo hannu su gaisa, Sufeto ya ga tafin duk ya saɓule, ɗanyen ciwo jawur. Ya sake hannun, suka nufi mota.

A barandar asibiti suka tarar da uwar. Hawayen ma sun ƙi zuwa mata, kuma wallahi gara mai kuka da irin wannan kallon. Labarin ganganci ya riga su isowa.

"Yallaɓai, yarinyar da ba ta bari in kunna risho sai ta buɗe taga?" ta ce. "Shekara huɗu tana karanta yadda za a hana mutane mutuwa a wurin aiki. Kada ka bari a rubuta cewa wauta ce ta kashe ta. Abin da ya rage mini ke nan."

Sufeto ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa. Ba ya son yin alkawari a baranda, amma roƙon nata ya bi shi har cikin mota.

Daga nan suka wuce jami'a wurin Malamar da ke duba kundin binciken yarinyar. Idonta ya kumbura, ga fayil ɗin ɗalibar a buɗe a gabanta. Ta ce ƙa'idar da suke koyarwa tun aji ɗaya ita ce, kafin a kusanci irin wannan rami sai an zura na'ura da igiya an ji ta bakinta, kuma sai da mai tsaro a sama yana riƙe da igiyar da ke ƙugun mai sauka. Ta rantse ɗalibarta ba za ta tsallake ko ɗaya ba.

Saje ya ce to ai warin ma ya isa ya kori mutum, kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

"Nan ne mutane ke halaka," in ji Malama. "In iskar kaɗan ce, za ka ji wari. In ta yi yawa, hancin take fara kashewa, sai ka ji kamar babu komai."

Ta karɓi na'urar, ta kunna, batir lafiya lau. Sai ta zare rigar robar da ke jikinta. A kan 'yan ramukan da iska ke shiga, ga danƙon salatif nan ya maƙale, ƙura ta kwanta a gefensa. An daɗe da liƙa shi, yau aka ɓare.

Suka koma kamfani da rana tsaka. Mai kula da sito ya fara da cewa e, Foman yana wurinsa lokacin da abin ya faru, amma da Sufeto ya tambaye shi buhu nawa suka sauke tare, sai ya fara inda-inda. Ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce gishirin ma sai gobe zai iso. Manaja kuwa, da aka tambaye shi wa ke ajiye Magulmaciya, ya share gumi ya ce makullin akwatinta ɗaya ne, kuma ba a hannunsa yake ba, yana hannun Foman.

Foman yana nan inda suka bar shi. Sufeto ya zauna kusa da shi a kan bencin, ya ajiye na'urar a tsakaninsu.

"Baba, igiya ce ta ci maka hannu. Kai ka tsaya mata a sama."

Dattijon ya kalli hannun nasa, sannan maganar ta fito da kanta. Mako uku da suka wuce na'urar ta ishe su da kuka, da an matso ramin sai ta fara, aiki ya tsaya, kowa ya yi cirko-cirko. Shi kuwa shekara talatin da hancinsa yake aiki, bai taɓa cin amanarsa ba. Sai ya liƙe mata baki ya mayar da robar, ba wanda ya sani.

"Da safen nan 'yata ta zo ɗiban ruwa na bincikenta. Ta ce, 'Baba, Magulmaciya lafiyarta ƙalau?' Na buɗe baki zan faɗa, sai kunya ta kama ni. Ni na kai ta makarantar nan, ni nake yi wa abokaina alfahari da ita. Ta yaya zan ce mata ubanta ne ya yi wannan? Na leƙa ramin, na shinshina, ban ji wari ba. Na ce mata ƙalau."

Ta zura na'urar, ta jira kamar yadda aka koya mata. Shiru. Ta ɗaura igiya, ta sauka matakala huɗu, sai iskar ta sumar da ita. Ya ja da duk ƙarfinsa, amma ƙafarta ta saƙale a tsani, kafin a kawo ɗauki an makara. Salatif ɗin kuwa ya ɓare ne tun kafin a ɗauki gawar, ya ce ba don tsoron kurkuku ba, don tsoron idon uwarta.

"Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, Yallaɓai. Ka rubuta haka."

Saje ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Shi ma idonsa ya kawo ruwa, bai kuma ɓoye ba.

Suna isa bakin ƙofa suka hango uwar ta sauko daga mota, ta kasa zaman jira a asibiti. Ta zo kai tsaye wurin Sufeto, ta tambaya ko an gano. Ya ce an gano, 'yarta ta bi ƙa'ida daga farko har ƙarshe. Ta sauke ajiyar zuciya, ta kama hannun mijinta, ta ce to Allah ya isa tsakaninta da wanda ya jawo, ko wane ne shi.

"Amin," in ji Foman.

Ya zare hannunsa daga nata a hankali, ya buɗe ƙofar bayan motar 'yan sanda da kansa, ya shiga ya zauna.