Murfin Tukunyar Mma Seipati

Ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto Moilwa gidan tarihin manoma da ke bayan Groot Marico. 'Yan yawon buɗe ido sun yi cirko-cirko a ƙofa. Sun zo cin dahuwar gargajiya da ɗanɗana mampur, barasar 'ya'yan danya, sai suka tarar da gawa.

Oom Gawie, tsohon da ke dafa barasar, yana kwance rub da ciki. An rotse masa ƙeya wuri biyu, jini har bango.

"Santsi ya kwashe shi," in ji Riaan, ɗan ƙanensa mai zagayawa da baƙi.

"Har sau biyu?" Sufeto ya jawo wata kwalba daga ƙarƙashin benci. "Wannan fa?"

"Ruwan wanki ne."

"To, kurɓa mu gani."

Riaan ya ja da baya. "Ɗigon farko na barasar ne. Makantarwa yake, zubar da shi ake yi. Oom Gawie kuwa ma'aikata yake ba."

A tsakar gida Mma Seipati mai girki tana iza wuta. Wutsiyar saniya na tafasa a tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, an kifa mata faranti. Moilwa ɗan garin ne. Bai taɓa ganin macen da ta wulaƙanta tukunyarta haka ba.

"Mma, ina murfin?"

"An sace tun makon jiya, Rra Sufeto."

Ya koma ciki, ya bi gangunan tsimin danya ɗaya bayan ɗaya. Kumfar ta ƙarshe ta yi jaja-jaja. Ya naɗe hannun riga, ya zura, ya zaro murfin ƙarfe, furfura manne a bakin murfin.

Da ya dire shi gabanta, ko gezau ba ta yi ba.

"Ni ce. Ga mijina can." Ta nuna wani dattijo zaune gindin bishiya, sanda a hannu. "Kwalba ɗaya ta cinye masa ido bara. Yau na ji Oom Gawie yana cewa ɗana ya zo ya karɓi tasa. Na maka masa murfin. Da ya motsa, na ƙara."

Zuciyar Moilwa ta karye, amma ya sa mata ankwa.

Suna wucewa dattijon ya ɗago kai, ya gane takunta.

"Seipati? Abincin ya nuna ne?"