Gwiwa Biyu da Goshi

Wanda ya shigo garinmu ta hanyar Tasawa, abin da zai fara gani shi ne wani ƙaton zobe na siminti, duk ya tsattsage, awaki na shan inuwa a kan matakalarsa. Baƙi sukan ce gwamnati ce ta fara aiki ta watsar. Ba gwamnati ba ce. Mai Nasara ne, wan matata Zara'u. Ita Allah ya jiƙanta. Shi kuma ku ji labarin tukuna.

A wurin nan dandalin kokawa yake a dā. Yashi ne mai laushi a gindin abin da ya rage na tsohuwar ganuwa, ga itatuwan gawo, ga rijiyar da ta girmi kowa a garin. Idan an kai hatsi rumbu, samarin Urafane da na Hawandawaki sukan zo da makaɗansu, a yi ta gwabzawa har rana ta yi ja. A yashin nan ba a taɓa kayar da Mai Nasara ba. Abin da ya samu kuwa goro ne, da riga, da kirari. Da ƙarfi ya fara ja baya, ya duba gidansa, ya ga kirari ba a dafa shi.

Sai fari ya zo, sai soja suka karɓi mulki. Aka turo mana sabon kwamanda ɗauke da taswira daga Yamai: hanyoyi miƙaƙƙu, a rushe ganuwa, a gina filin kokawa na siminti, a kewaye shi da shaguna. Dattawa suka tafi buro, ofishin kwamanda, tsoho Ishaƙu makaɗin dandali yana gaba.

"Ranka ya daɗe," in ji Ishaƙu, "ganuwar nan ba ta tsare ma kowa hanya ba. Kakanninmu suka ɗora ta da hannu."

"Baba, sun gama nasu," in ji kwamanda. "Mu ma a bari mu ɗora namu."

Kowa ya san manyan ƴan kasuwar Maraɗi masu kamyo, manyan motocin kaya, za a ba aikin. Mai Nasara jaki ɗaya gare shi, shi ma fari ya kashe. Amma ya sa wa ransa aikin nan kamar ciwo. Ya ɗebi yashin dandali a ƙoƙo, ya sayar da ƙofar ɗakinsa ya sayi baƙin bunsuru, ya nufi wani kwazazzabo can arewa da Urafane, inda ake cewa akwai boka. Abin da ya faru a can shi da bakinsa ya gaya mini daga baya, lokacin da gaya mini ba shi da sauran amfani.

Da rana tsaka ya isa. Bukka ce ta ƙaya, ƙofarta gajera ƙwarai, sai da ya durƙusa ya rarrafa. Ciki duhu, ga wari irin na mahauta. Da idonsa ya saba, ya ga baƙar tukunya an binne ta har wuya, bakinta manne da gashin kaji da busasshen jini. Ƙahoni cike da wani abu an ɗinke bakinsu da jar fata. A jikin ƙaya kuma an rataye warki, wato fatar da ƴan kokawa ke ɗaurawa a ƙugu, tsofaffi da sababbi, da yawa. Bai tambayi ina masu su ba.

Bokan ɗan tsamurmurin tsoho ne, yana zaune a kan turmi da aka kifa. Ya karɓi ƙoƙon, ya zuba yashin ƙasa, ya zana da'ira da yatsa, kamar ƙaramin dandali.

"Gagara-kaye," in ji shi. "Mi ya kawo ka?"

"Aikin dandali nike so a ba ni. Shi da abin da za ya biyo baya."

"Na ƙarƙashin ƙasa ba su ba da kyauta. Kokawa suke so."

"Da wa?"

"Da kai. Ka san dokar fili?"

Mai Nasara ya yi dariya. "Ni za a tambaya? Baya, mazaunai, gwiwa biyu, goshi. Wanda ya kai ɗaya ƙasa, an yi kaye."

"To, ita ce dokarmu. Muddin kana tsaye, garin naka ne. Duk sanda ka kai ƙasa, sun ci, su ɗauki abin da aka ajiye ma mai kaye."

"Mi aka ajiye?"

"Yana gidanka. Su sun san shi."

Mai Nasara ya tuna gidansa: tabarmi, da tukwane, da rumbu wayam. Ya ce a ransa su kwashe duka. Amma shi mutum ne mai son a ce ya iya ciniki.

"Tsaya, tsoho. Barci fa? A tsaye zan yi shi kamar doki?"

"Na bar maka baya. Ka kwanta."

"Zama fa? In ci tuwo a tsaye?"

Bokan ya jima yana kallon tukunya, kamar ana yi masa magana daga ciki. "Ka cika tsanani. Sun bar maka mazaunai. Saura gwiwa biyu da goshi, waɗannan ba su bari."

"Ni? Gwiwata ba ta san yashi ba ina saurayi, balle yanzu da na bar fili. Na yarda."

Aka yanka bunsurun a bakin tukunya. Jinin ya shige, ba a ji saukarsa ba. Bokan ya kwaɓa ragowar da yashin dandali, ya shafa masa a gwiwar dama, da ta hagu, da tsakiyar goshi. Ya karɓi warkinsa ya rataye cikin sauran.

"Ran da diga ta taɓa ganuwa, an buga ganga," in ji shi.

Mai Nasara ya dawo yana murna ya ci riba. Ya tuna barci. Ya tuna tuwo. Na karanta littattafai da dama, na Larabci da na lakwal, wato makarantar boko, ban ga inda aka bayyana halin mutum kamar wannan cinikin ba: bai tuna salla ba.

Aka ba shi aikin, ba wanda ya san dalili. Ƴan Maraɗi da kansu suka ba shi aron kamyo. Ranar rushewa Ishaƙu ya zauna a gindin ganuwa rungume da gangarsa, soja biyu suka ɗauke shi cak suka ajiye gefe, ba duka ba zagi. Aka sare gawo, aka rufe rijiya, aka cike ramuka da ƙasar ganuwa. Mutane na layin karɓar jar dawar taimako, gidan Mai Nasara ana soya nama.

Shi dā ma mai sallar Juma'a ne da Idi. Juma'ar farko ya sa sabuwar shadda, ya tafi ya gode wa Allah. Ana sallama aka zo aka ce Bilal, babban ɗansa da ke kula da leburori, ya faɗo daga katangar da ba ta wuce ƙugu ba. Aka same shi a kife, bakinsa cike da yashi. Muka ce kwana ya ƙare.

Juma'a ta zagayo, ya koma masallaci neman haƙuri. A wannan sa'a Zara'u tana daka a tsakar gidana. Ta ajiye taɓarya, ta durƙusa, ta kai goshinta ƙasa, ba ta ɗago ba. Matar da ko ƙwayar shinkafarsa ba ta ci ba, don na hana a shigo mini da ita. Jininsu ɗaya, shi ke nan laifinta.

A nan ya gane, ya zo ya gaya mini komai. Na ce ya fita mini daga gida.

Bai daddara ba, ya nemi dabara. Ya ce ai ƙasa aka ce, sai ya hau gadon ƙarfe ya yi salla a kai. Kafin ya sauko daga gadon, autansa Maman Sani ya kife a bakin murhu, bai tashi ba. Uwar yaran, Habsatu, ba jininsa ba ce, ba a ɗauke ta ba. Hankalinta kawai ya tafi. Ta daina miƙewa, sai rarrafe, tana bin tsakar gida tana goga goshi a ƙasa tana cewa, "Ni na yi maka, Malam, ni na yi maka, kai tsaya."

Ya koma kwazazzabo. Ƙofar bukkar tana nan yadda take, shi kuma ba halin durƙuso. Daga waje ya tsaya cikin rana yana magana da duhu.

"Ka ce su karɓi dukiyarsu."

"Ba su cin siminti."

"To, yaushe za a tashi daga kokawar?"

"Kai ne ɗan fili. An taɓa tashi ana tsaye duka biyu?"

"Ɗiya guda ta rage mini, tsoho. Kadijatu."

"Sun sani."

Daga nan ya ce ciwon gwiwa ya kama shi. Ya sa aka kai masa kujera bayan sahu, yana nuni da kai kamar majinyaci, alhali yana iya ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya. Ya daina durƙusa wa manya, aka ce kuɗi sun sa shi girman kai. Idan goro ya faɗi a hannunsa, sai ya bar shi nan. Idan an yi ruwa, ba ya fita, don santsi. Salla ɗaya ta rage masa wadda zai yi cikakkiya, sallar gawa, tun da ita ba a sujada, kuma ba a taɓa rasa shi a sahun gaba ba. Ya taɓa zuwa wurin liman a ɓoye. Liman ya ce, "Ka tuba, ka kai goshinka ƙasa. Allah ya fi su." Gaskiya liman ya faɗa. Amma mutumin da ya kai dogaronsa bakin tukunya ya yanka, da me zai gwada?

Shekaru suka wuce, shaguna suka cika, filin siminti ya yi suna. Sai fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko. Aka yi shela kowa ya fito roƙon ruwa, kuma ba inda zai ɗauki jama'a sai filin Mai Nasara. Kwamandan lokacin ya kama hannunsa ya kai shi sahun farko. Mai Nasara ya nemi kujera.

"Yau ba kujera," in ji kwamanda. "Guragu ma ga su a ƙasa."

Ina sahu na uku. Liman ya yi kabbara, garin duka ya tafi sujada, ba ka jin komai sai tarin tsofaffi. Da muka ɗago, ga Mai Nasara nan tsaye, shi kaɗai, ƙato lafiyayye cikin farar shadda, gumi na zuba daga haɓarsa. Muka koma, muka ɗago, yana nan. Bayan sallama kowa ya kama hanyarsa. Ishaƙu ne kawai, da ya makance a lokacin, aka raɗa masa a kunne, ya ce, "Har yanzu ba a kayar da shi ba ke nan. Kaico."

Ruwa bai sauka ba. Masu shaguna suka kwashe kayansu ɗaya bayan ɗaya. Ƴan kokawa suka koma wani yashi a bayan gari. Kamyo suka tsaya, aka cire musu tayu. Habsatu danginta suka zo suka ɗora ta a amalanke. Kadijatu aka yi mata aure a Hawandawaki, mijinta manomi ne, bai karɓi ko tsinke daga gidan ba.

Mai Nasara ya ƙare a ɗaya daga cikin shagunansa. Da tsufa ya zo, ƙafafu suka fara cin amanarsa, sai ya ɗaure kowace gwiwa da itace biyu da igiya, kamar karayar akuya, don kada ta lanƙwashe ba da saninsa ba. Ladan na kira, shi yana jingine da bango yana kallon ƙasa, ga ta nan kusa.

Da ciwon ajali ya kama shi, Kadijatu ta zo da goyo. Ita ta roƙe ni in raka ta, don kunyarta na je. Ta zauna ta fara kwance igiyar.

"Baba, na san komai. Ka yi sujada ko sau ɗaya kafin ka tafi. In Allah ya rubuta mini kwana, tukunya ba ta rage shi. In kuma ya ƙare, na yafe."

Ya dubi ƙasa. Ya dubi jaririn da ke bayanta. Na ga wuyansa ya fara sunkuyawa, sai ya cafke hannunta da sauran ƙarfin nan na dā.

"Mayar da igiyar, ɗiyata. Ɗaure da kyau."

Ta ɗaure tana kuka. Bai kai Juma'a ba.

Ina cikin masu wanka, don ba a samu wasu ba. Na wanke gawar manoma da yawa, goshinsu da tabo, gwiwarsu kamar ta raƙumi. Nasa goshin sumul yake, kamar na jinjiri. Kadijatu tana raye har yau, da jikokinta. Ko shi ya tsare ta, ko dā ma ba abin da zai same ta, wannan ba a wurina za ku ji ba, shi ma bai sani ba har ya mutu.

Ku masu sauri, masu ganin kowane tsohon bango kamar kuɗi ne a tsaye, ku ji da kyau. Wanda zai ba ku duniya a yini ɗaya ba ya neman abin da kuke tsaro. Zai bar muku barcinku, ya bar muku tuwonku, har ku fito kuna cewa kun iya ciniki. Abin da kuka manta kuna da shi, shi zai ɗauka.