Ƙofar da Safina Ta Rufe

"Yaya, kada ka buge shi!"

Kafin Safina ta rufe baki, gorar yayanta Mutawakkil ta sauka a kafaɗar Muzammilu. Ya durƙusa, amma bai saki sirinjin hannunsa ba.

Kwana huɗu ke nan su biyu suna renon ƙwayoyin bakteriya cikin tukunyar ƙarfe, a ɗan ɗakin bincike da ke hanyar Tsamiya. An dasa wa ƙwayoyin abin da zai sa su samar da furotin na rigakafin shanu. Safina ce ta gano lagonsu: a ba su ruwan sukari ɗigo-ɗigo, su yi aiki, a cika musu, su yi tsami su mutu. Famfon da ke ɗiga musu ruwan ya lalace tun safe, shi ya sa Muzammilu ke ɗiga musu da hannu.

Laifinsa a gidansu ɗaya ne: daga ƙetaren Benin yake, kuma ya ce yana son ta. Riskuwa, saurayin da ta ƙi tun bara, shi ya kai gulma, ya kuma rako Mutawakkil.

"Rana tsaka, ƙohwa ruhe, ke da ƙato?"

"Ƙura ka ɓata su, Yaya! Don haka munka ruhe!"

"Abin ga na ka hana ki zama gida? To su ci su ƙoshi!"

Mutawakkil ya fizge murfin tukunyar, ya ɗaga jarkar sukarin. Muzammilu ya yi kukan kura ya tare bakin tukunyar da hannu.

Ƙas!

Riskuwa ne ya sauke masa gora a wuyan hannu. Ya ƙara masa wata. Jini ya fantsama har kan hijabinta, sukari kuwa ya tuttule ciki duka.

Safina ta zabura. Ta suri kujerar ƙarfe ta rafka wa Riskuwa a baki, sai ga haƙori a ƙasa.

"Masoyina... dube ni..."

"Sun mutu, Safina," in ji Muzammilu.

"Mu dasa wasu. Kai nika so, ba su ba!"

A asibiti mahaifinta, Malam Na'Allah, ya daɗe yana kallon hannun Muzammilu. Da ya kai ƙofa, ya juyo gare shi.

"Iyayenka su ƙetaro ran Juma'a."

An ɗaura aure bayan wata biyu. Yatsun Muzammilu ba su sake lanƙwasuwa ba. Har yau ita ke saka masa maɓallin riga, kuma har yau ba ta gaida Mutawakkil.