Kwamfutar Marigayi Auta

Ana gab da magariba Injiniya ya rufe shagonsa, ya rataya jakar kayan aiki, ya nufi gidan ƙaninsa Auta, wanda ya rasu wata bakwai da suka wuce. Injiniya dai laƙabi ne, ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Gyaran kwamfuta yake yi, kuma ya iya, in ya ga dama. Matar marigayin ce ta kira shi. Sau uku yana ce mata gobe, a na huɗu dabara ta ƙare masa.

"Yaya, hotunansa duk suna ciki," ta ce da ta buɗe masa ɗakin. "Tun ranar nan kwamfutar ba ta sake tashi ba."

Ranar nan ita ce ranar da Auta ya fito wanka, ƙafa a jiƙe, ya dafa ƙarfen jikin kwamfutar, wuta ta kama shi ta ƙi saki. Kowa ya ce ƙaddara. Injiniya ma ya ce ƙaddara, har ya fi kowa ɗaga murya. Amma shi kaɗai ya san cewa ana saura kwana biyu abin ya faru, fis ɗin akwatin wutar kwamfutar, ɗan abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, ya ƙone, ganda ta hana shi nemo sabo, ya murɗa wayar tagulla ya ɗaura a gurbinsa. Bai tsaya nan ba, ya karya ƙafa ta uku ta filogin, wadda ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle, wai don ya shiga soket. Aikin banza, aikin a gama a tashi!

To kada a ce hotuna ne suka kawo shi. Wayar nan ya zo cirewa, tun kafin wani mai gyara ya gani ya tona masa asiri.

Ɗakin na warin ƙura da rufi. Matar ta koma tsakar gida, ya ji tana wanke kwanuka. Ya yaye zanen da aka lulluɓe kwamfutar da shi, ya fara yadda ya saba, don kada ta ji shiru ta yi zargi. Ya danna maɓalli. Ko motsi. Ya gwada soket da cajar wayarsa, akwai wuta. Ya sauya igiyar wuta da tasa, ya sake dannawa. Shiru kamar an shuka dusa.

Ya zare filogi ya ajiye kan tebur. Ya kwance murfin, ya ciro ram, wato ɗan katin ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya goge bakinsa ya mayar. Sannan ya waiwaya ƙofa, ya ga ba kowa, ya sa sukudireba a akwatin wutar.

Ga wayar tagullar nan. Murɗin hannunsa, baƙi ƙirin.

Sai warin ya sauya. Ba ƙura ba kuma. Warin sabulun wanka ne, da ƙauri a ƙarƙashinsa.

Ɗis. Ɗis.

Ya duba ƙasa. Sawun ƙafa jiƙaƙƙe, biyu, daf da kujerarsa. Ruwan bai ma gama kwanciya ba.

Fankar cikin kwamfutar ta motsa. A hankali, sannan da gudu. Injiniya ya dubi filogin, yana nan kan tebur inda ya ajiye shi, ba a haɗe da komai ba. Ya nemi addu'a ko ɗaya, duk suka gudu daga kansa.

Fuskar allon ta yi haske, fari fat, babu rubutu. A cikin farin ya ga inuwarsa, da wata inuwar tsaye a bayansa, kanta na ɗigar ruwa.

"Yaya," aka ce a kunnensa, can ƙasa-ƙasa. "Ta gyaru?"

Muryar Auta ce.

"Taɓa mu gani."

Wani hannu mai sanyi ya kama wuyan hannunsa na dama. Ya turje, ya ja, ina! Aka ɗora tafinsa kan ƙarfen.

Wuta ta shige shi har haƙora. Yatsunsa suka damƙe. Kujera ta kife, gwiwoyinsa na bugun tebur, hannun ya ƙi fita.

"Ni ne!" ya ƙwalla. "Ni na ɗaura wayar! Ni na karya filogin!"

Ta cikin hawaye ya hango matar Auta a bakin ƙofa, busasshen katako a hannunta. Ta san abin yi sarai, ta taɓa yi sau ɗaya, a makare. Amma ba ta matso ba.

"Me ka ce?"

"Ki cece ni, don Allah!"

"Sake faɗa. Ban ji ba."

Ya sake faɗa, kalma-kalma, harshensa na karkarwa. Sai da ya kai ƙarshe ta ɗaga katakon ta maka masa a dantse da duk ƙarfinta, fiye da yadda ceto ke buƙata. Ya faɗi rigingine. Fanka ta tsaya. Allon ya mutu.

"Wata bakwai," ta ce cikin fushi. "Wata bakwai ina zargin kaina, ina cewa ni ce ban goge ruwan ƙasa ba. Kana kallona ina kuka, kana ce mini in yi haƙuri. Allah ya isa, Yaya. Tashi ka fita."

Da rarrafe ya fita, ya bar jakarsa a nan.

Yatsun hannun nan ba su sake buɗewa ba. An gasa, an murza, an kai asibiti, suna nan a dunƙule, don haka shago ya rufu. Washegarin abin kuwa matar Auta ta sa shi gaba har ɗakin mahaifiyarsu, ya maimaita maganar da bakinsa. Tsohuwar ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, shi kaɗai ya rage mata a duniya. Amma har yau in ya shiga gaishe ta da safe, sai ta juya fuskarta bango sannan ta amsa.