Gaisuwar Turanci a Ƙofar Malam Falalu

A inuwar mangwaron da ke bakin get ɗin gidan Alhaji Badaruddeen, a Nassarawa GRA, Fiddausi ta fara ganin Hamisu. Ita ta zo koya wa 'ya'yan gidan karatu, shi kuma direba ne, ya gama wanke mota yana ta kai-komo da takarda a hannu, bakinsa na motsi.

"Sannu Malam. Addu'a kake yi ko rigima da takarda?"

Ya tsaya cak. "Aikin ajin yamma ne, Malama. Kalmomin Turanci goma aka ba mu, duk jelarsu iri ɗaya, kowacce ta fi igiyar guga tsawo."

Ta karɓa ta duba. Duk da "tion" suka ƙare.

"Wannan determination ce. Ka ƙudurta abu, ka ƙi sakinsa."

"Ashe ina da ita, sunanta ne ban sani ba."

Ta yi dariya ta shige. Ranar sau biyu ya manta inda ya ajiye makullin mota.

Shekararsa talatin, mutumin Ringim ne, bai shiga aji ba sai bara. Tun daga ranar, kullum da safe sai saƙonta ya shigo.

"Ɗalibina, ta yau appreciation. Ka ga alheri ka yaba. Ka karya kuwa?"

"Malamata, na karya. Amma ban ƙoshi ba sai na ji muryarki."

Wata huɗu ana haka, ta ba shi izinin zuwa gidansu a Kaura Goje. Ta kuma gaya masa gaskiya. Mahaifinta, Malam Falalu, tsohon hedimasta ne, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai yi boko ba. Hankalinsa ya fi kwanciya da Ashiru, ɗan abokinsa, mai digiri.

Hamisu ya kasa zama wuri ɗaya. Kwana uku yana haɗa jimlar gaisuwa da Turanci, yana maimaita ta a gaban madubin mota. Bai shawarci kowa ba.

Ranar Asabar bayan la'asar ya tarar da Malam a kan tabarma a ƙofar gida. Maimakon ya cire takalmi daga nesa ya durƙusa, sai ya tsaya ƙiƙam, ya ƙame kamar ɗan makaranta a taron safe, ya jero dogayen kalmomi guda biyar da ƙarfi. Har ya miƙa hannu.

Malam Falalu ya dubi hannun, ya dubi takalmin.

"Kai a garinku haka ake gaida uban yarinya? Kama hanya."

Mako uku babu saƙo. Ya kira, a kashe. Koyarwar ma ta daina zuwa. Wata rana ya bi ta layinsu, ya hango motar Ashiru a ƙofar gidan, ya juya. Abinci ya fita ransa. Har Alhaji Badaruddeen ya lura, ranar da ya wuce kwanar ofis.

"Hamisu, jikinka na nan, kai ba ka nan. Me ya faru?"

Ya ba shi labari. Alhaji ya yi dariya har da hawaye.

"Da ni ne ma korarka zan yi. Koma ka ba shi haƙuri da bakin da aka haife ka da shi."

Da yamma sai ga saƙo daga baƙuwar lamba.

"Ɗalibina, wayar Umma ce, Baba ya karɓe tawa. Ashiru ya zo sau uku ban fita ba. Kar ka yi zaton na canza. Ka dawo a Hamisunka."

Washegari ya koma. Tun daga bakin kwata ya cire takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, na yi wauta. Tsoro ne ya sa ni. Na ji an ce ba ka son jahili, sai na zo da ɗan abin da na koya."

Malam ya tambaye shi:

"Kalmomin da ka watsa mini, ka san ma'anarsu ko haddace su ka yi?"

Hamisu ya kawo huɗu, da ma'anar kowacce. A ta biyar ya tsaya.

"Reconciliation, wallahi ban sani ba, Baba. Tsawonta ne ya burge ni."

Gemun Malam ya motsa. "Sulhu ke nan. Kuma ba haka ake faɗarta ba. Maimaita."

Ya maimaita.

"A'a! Sake."

Sai da aka kira magariba suna nan. Shekara takwas rabon Malam da ya ga ɗalibi a gabansa, muryarsa har ƙarshen layi.

"Ka riƙa zuwa duk Asabar da littafinka. Ba wajen yarinya ba, wajena."

Asabar goma sha ɗaya Hamisu bai yi fashi ba, bai kuma taɓa ɗaga ido ya dubi ƙofar cikin gida ba, duk da ya san wa ke aiko musu da zoɓo. A ta goma sha biyu Malam ya rufe littafin.

"Na ce ba zan ba wanda bai yi makaranta ba. To kai ka yi, a hannuna. Turo magabatanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren, Alhaji Badaruddeen ne ya karɓa masa. Da aka shafa fatiha Hamisu ya durƙusa gaban surukinsa, ya fashe da kuka.

Malam ya dafa kansa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Kuma aure bai soke darasin Asabar ba."

"Amin!" jama'a suka amsa, ana dariya.